Maganar Da Ekema Ya Kawo Kan Dutse

Enanga ta hau 'yar hanyar dutsen Bimbia tana haki, takalmanta masu tsini a hannu. Ƙawayenta sun rantse yau saurayinta Ekema zai ba ta zobe, shi ya sa ta ci kwalliya. Daga can sama teku ya shimfiɗu iyakar ganin ido.

Ekema ya kasa haɗa ido da ita. Ya buɗe baki, ya sake rufewa.

"Faɗi mana," ta ce tana murmushi. "Ko in taya ka?"

"Enanga, an ɗauke ni makarantar zama Fada. Wata mai zuwa zan tafi."

Ta yi dariya, tana jiran ya taya ta. Bai taya ta ba. Sai jikinta ya yi sanyi, don ko yaro a cocinsu ya san Fada ba ya aure.

"Mama har ta sayi yadin biki," ta ce.

"Tun bara nake son gaya miki."

"Tun bara?"

Ta daɗe tana kallonsa kamar baƙo. Da ta juya za ta sauka, ya miƙo hannu zai riƙe ta.

"Bar shi, Fada," ta ce. "Zan iya."