Motar Halliru Mai Tashi da Kanta

Bayan la'asar motar ta sake tashi a rumfar ƙofar gida, ba kowa a cikinta. Surayya ta saki ludayi.

Motar mijinta ce, marigayi Halliru, irin haibirid ɗin nan mai haɗa fetur da batir. Tun yana raye ta soma gajiya: ga shan mai, ga fankar bayan kujera tana huci, ga wata jar alama da ta ƙi gushewa a gaban direba. Shi ya sa ranar da zai je sarin albasa Goronyo ya kulle ta, ya jefa makulli aljihu, ya hau mashin. Washegari aka kawo gawarsa gida Rabah, aljihu wayam. Kowa ya ce 'yan bindiga ne.

Tun Surayya na takaba motar ke wannan gurnani. Wasu suka ce aljanu, wasu suka ce mai ita ne bai kwanta ba. Ita kam tsoro ya hana ta sakat. Sa'arta ɗaya, Yazid aminin marigayin ba ya nisa. Da an ji ƙarar sai ga shi, ya shige rumfar shi kaɗai, ya ja ƙyaure, ya yi tofi, mota ta yi tsit. Mutumin kirki, wallahi, cefanen marayu bai taɓa yankewa ba. Tana fita takaba ya aiko neman aurenta, har an sa rana. Roƙonsa ɗaya, kar a bar kowa ya taɓa motar.

Yau ma shi ya zo ya kwantar da ita. Amma Surayya ta gaji, ba za ta shiga sabon ɗaki da fatalwa a bayanta ba. Kashegari ta sa aka kira mata Lauwali bakanike daga Wurno a ɓoye.

Ya saurari bayaninta, ya leƙa ta gilashi.

"Hajiya, babban batiri na ya gaji, sai canji. Irin motag ga in an kunna ta shiru takai. Caji na sauka, inji ya tashi da kainai, ko mutum ya yi nisa. Wanda ka kunna ta ya san zama wuri guda na kashe batir."

"Kunna ta da mi? Makullin guda na, kuma yana aljihun Halliru ran da an ka kashe shi."

Lauwali ya dube ta, ya kau da kai.

"To ba ta tashi sai da shi. Mai makullin ko matsowa ya yi kusa, fitilar ciki na kawowa."

Sai ga sallama daga bakin hanya. Yazid ne, da ledar cefane a hannu, yana murmushi. Yana sa ƙafa cikin rumfar, fitilar cikin motar ta kawo.