Iskar Masu Hankali

Neville Prowse ya durƙusa gindin tayar motarsa ya danna ma'aunin iska, sannan ya ɗaga shi sama don kowa ya gani.

"Sittin da biyar cif," in ji shi. "Yadda muka baro Adelaide."

Kwana shida ke nan suna kan hanyar Darwin, kuma kullum da safe sai an yi wannan biki. Neville ya yi ritaya daga aikin duba mitar ruwa, ya sayi mota mai ɗaki da kicin da bayan gida, ya ce shi da matarsa Glenys za su zagaye ƙasar kafin gwiwa ta ƙi. Amininsa na shekara arba'in, Merv Hannaford, ya je ya sayi irinta sak, fara mai ratsin shuɗi.

"Ko launi ba ka iya zaɓa da kanka," Neville ya ce masa.

Bambancinsu ɗaya ne. Ranar da suka kai motocin biyu gareji kafin tafiya, Neville ya sa a cika masa tayoyi da iskar naitrojin zalla, irin ta jiragen sama, Merv kuwa ya ce a bar masa iskar da Allah ya hura wa kowa. Garejin ya cika maƙil ranar, koren marfin da ake ɗaurawa a bakin taya don shaidar naitrojin ma ya ƙare musu. Neville ya sayo nasa koraye na ƙarfe masu sheƙi, ya ɗaura da hannunsa.

"Iskar da kake shaƙa, kashi saba'in da takwas cikin ɗari naitrojin ce," Merv ya faɗa masa a Port Augusta. "An sayar maka da abin da ke cikin hancinka."

"Shi ya sa ka ƙare a direban bas, mutumina."

A nan suka ƙulla yarjejeniya. Za su riƙa aunawa har Alice Springs, wanda iskarsa ta fi raguwa shi zai dinga kwashe akwatin bayan gidan motar ɗan'uwansa har ƙarshen tafiya.

Daga ranar Neville ya zama malami. Duk zangon da suka sauka, da yamma idan tsofaffi sun baje kujeru sun kewaye murhun gasa tsiran alade, sai ya miƙe da kwalbar giya a hannu ya fara. Naitrojin ba ta zafi, ba ta yoyo, ba ta shan mai. Shi a sitiyari ma yake jin ta, motar kamar tana tafiya a kan katifa. A Coober Pedy ya hana wata tsohuwar malamar kimiyya magana, ya ce karatu daban, hanya daban. Mutane suka soma ɗauke kujerunsu in sun hango shi.

"Kin ji laushin nan?" yake tambayar Glenys duk ramin da suka faɗa.

"Na ji haƙorana," ta ce.

A Alice Springs aka auna gaban shaidu. Tayoyin Neville sun rage ɗaya, na Merv sun rage biyu. Merv ya sake aunawa, ya busa ma'aunin, ya sake. Biyu dai.

Washegari aka ga tsoho mai shekara saba'in da ɗaya yana jan akwatin kashin abokinsa a cikin rana, ƙudaje na yi masa rakiya. Neville ya ɗauki hoto ya tura wa ƴaƴansa. A Tennant Creek ya saya wa Merv safar hannu mai ruwan hoda. Merv ya daina zuwa shan shayi motarsu, ya daina amsa rediyon da suke hira da shi a hanya.

"Shekara arba'in, Neville," Glenys ta ce. "Shi ya riƙe maka zobe ranar aurenmu. Yanzu a kan iska za ka rasa shi?"

Abin ya ɗan taɓa shi. Ya kwana biyu yana tunani, ya gano cewa babban alherin da zai yi wa Merv shi ne ya fitar da shi daga jahilci. Suna isa Darwin ya ja shi shagon taya, motocin biyu a jere, da wasu ma'aurata uku da wa'azinsa ya kama a hanya.

Mai shagon wata mata ce mai zane a damtse, sunanta Tash. Neville ya ce ta fidda wannan gurɓatacciyar iska daga motar abokinsa ta zuba masa ta masu hankali, nasa kuma ta ɗan ƙara. Ta ɗauko wata ƴar na'ura da ke gwada abin da ke cikin taya, ta ce ba ta zubawa sai ta duba.

Ta fara da motar Neville. Ta zagaye tayoyin duka. Ta koma ta Merv, ta daɗe a tsugune, sannan ta miƙe tana kallon motocin biyu, ta dubi wannan ta dubi waccan.

"Gareji ɗaya kuka kai su? Rana ɗaya?"

"Ƙwarai," in ji Neville, yana murmushi ga ɗalibansa. "Faɗa musu abin da kika gani."

"To, Baba, an yi musayar mota a garejin nan," ta ce, tana goge hannu. "Naka iskar gari ce da koren marfi. Naitrojin ɗin da ka biya, tun daga Adelaide tana cikin tayoyin abokinka."