Rabin Ƙwayar Yaya Nenita

Tun ranar da aka kawo ɗan karen gidan Perlita bai zauna ba, ita ma bai bar ta ta zauna ba. Daga bakin ƙofa zuwa ƙarƙashin keken ɗinki, daga can zuwa bayan buhun shinkafa, ya sake komawa ƙofa yana nishi. In ta miƙa hannu sai ya maƙure a bango yana karkarwa.

Bayan ambaliyar da ta ci gefen birnin Dumaguete aka tsince shi ɗaure a gindin kwakwa, wayar ƙarfen da aka ɗaure shi da ita ta ji masa ciwo a wuya. Marivic, wata matashiya mai aiki da masu ceton dabbobi, ita ta kawo wa Perlita riƙonsa kafin a samar masa gida. Suka sa masa suna Pandesal, sunan ɗan burodin safe na garinsu, don bai fi shi girma ba, launinsu ma ɗaya.

"Inna, ki ba shi lungu guda ki ƙyale shi," in ji Marivic. "Zai yi zirga-zirga, zai yi kuka. In kin ga abin da ba ki gane ba, ki kira ni kafin ki yi komai."

Perlita ta amsa da to. Amma ji daban, gani daban. Ga kayan makarantar yara jibge suna jiran ɗinki, ga ta tana taka keke ido na kan kare. Ta ɗinke hannun riga a bai-bai, ta farke, ta sake. Tun rasuwar mijinta gidan ya yi mata faɗi, kuma a ranta ta riga ta fara fatan Pandesal ya zama nata.

Yayarta Nenita, mai soya ayaba a ƙofar gida, ta leƙo ta tsaya tana kallo.

"Wannan kare ne ko fanka? Ni har jiri ya kama ni."

"Bai saba ba ne, Yaya."

"Sabon me? Ciwon wuyan nan ke cinsa. Ki ba shi rabin ƙwayar da nake sha don gwiwata, ki ga ikon Allah."

"Bari in tambayi Marivic tukuna."

Nenita ta taɓe baki. "Ki kira sa'ar 'yar cikinki ki ce kin gaza? Gobe za ta zo da kwandonta ta ɗauke shi, ta kai wa waɗanda suka iya. Ke da kika raini yara huɗu, kare zai gagare ki?"

Maganar ta soki Perlita. Ta ɗauki waya, ta ajiye. Ta sake ɗauka, ta kife ta a kan tebur.

Ta daka rabin ƙwayar, ta cuɗa da shinkafa da kifin gwangwani, ta durƙusa ta miƙa a tafin hannunta. Pandesal ya matso yana ja da baya, ya shinshina, ya lashe tas. Karo na farko ke nan da ya ci daga hannunta. Daɗi ya sa har ta yi ƙwalla.

Ya ɗan lafa, sai ta ɗauka magani ya karɓe shi. Ta ƙara masa da safe, ta ƙara da yamma.

Washegari da hantsi ta same shi kwance a bayan buhu, ya yi amai da jini, dasashinsa ya yi fari fat. Ta naɗe shi a tawul, ta tare babur mai ƙafa uku ko takalmi ba ta sa ba, tana kiran Marivic a waya.

Likitan dabbobi ya duba shi, ya tambayi abin da ya ci. Perlita ta ciro sauran ƙwayoyin daga aljihu. Ya juya takardar maganin, ya karanta.

"Inna, wannan na mutum ne. Ya ci masa ciki, ƙodarsa ma ta taɓu. Za mu gwada."

Aka sa masa ƙarin ruwa. Kafin la'asar Pandesal ya mutu, kansa a kan hannun Perlita.

Marivic ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ciwo ke nan. A hankali ta ce, "Inna, ai da kin kira ni ba zan ɗauke shi ba. Duk haka suke yi da farko. Lokaci kawai yake nema."

Da Perlita ta koma gida, Nenita ta shigo da ayaba a faranti. "To ni dai yana yi mini aiki," ta ce, kanta a ƙasa. Da Marivic ta sake zuwa bayan wani lokaci da maganar wani ɗan karen mai neman riƙo, Perlita ta tsaya a bakin ƙofa ta girgiza kai.

"Ki kai shi inda za a tambaya," ta ce.

Jama'a, maganin da ya yi wa wani aiki yana iya zama ajalin wani, dabba ne ko ɗan Adam. In an ba mu amanar rai, mu yi haƙuri da shi, mu tambayi masana. Kunyar tambaya ba ta kai zafin nadama ba.