Fayil ɗin Sirajuddin

Na'ibi ya dawo Ammariyya, unguwarsu a Jidda, da jaka ɗaya da hoton wata takarda a wayarsa. Shekara shida ya yi yana karatun tarihi a Indiya, amma ko kwana uku bai yi a gida ba ya fara bincike a akwatunan kakarsa Mastura.

Takardar ta 1922 ce. Turawan mulki suna neman wani Sirajuddin, mai buga jarida a birnin Lakno na Indiya, ƙarƙashin dokar da ta ba su damar tsare mutum ba shari'a. Dogo ne, fari, da tabo a goshi, kuma ba shi da ƙaramin yatsan hagu. Ya shiga cikin mahajjata ya gudo Jidda. A ƙasan takardar an rubuta cewa wani mai ɗiban ruwa, Usuman Takruni, ya zo ofishin jakadancin Ingila da kansa, ya ce baƙon a ɗakinsa ya sauka, kuma annoba ta kashe shi. Aka rufe fayil.

Usuman kakan Mastura ne na wajen uwa.

Me zai kai mai ɗiban ruwa wurin Turawa in ba saba zuwa ya yi ba? Annoba ce kuwa? Ranar Lahadi Na'ibi zai tura kundin digirinsa, kuma ya riga ya rubuta a babi na uku cewa Usuman ɗan leƙen asiri ne. Danginsu na Jidda, daga unguwar Safa har Madain Fahd, za su karanta.

Ya sami Mastura bayan la'asar tana kaɗin auduga. Ba da mazari take yi ba kamar sauran tsofaffin unguwa, wani tsohon keken katako take juyawa, ta naɗe ƙaramin yatsanta cikin tafin hannu.

"Sitti, Usuman yana hulɗa da Turawa?"

"Maigidan, ka tafi da hankali ka dawo da tuhuma. Yalla, miƙo min audugar can."

"Wani Ba'indiye ya mutu a ɗakinsa."

"Ban taɓa ji ba. Baƙo ɗaya na sani ya sauka wurinsa, babana Nasir, mutumin Hadramaut. Shi kuwa aurar masa da 'yarsa ya yi."

Na'ibi ya san labarin Nasir: tela mai shiru, wanda bai taɓa sa yadin Ingila ba, bai kuma taɓa komawa Hadramaut ba, ko wasiƙa. Babu abin da zai ƙara wa babi na uku. Halas, shi ke nan, zai tura yadda yake.

Ya miƙe, zaren ya tsinke a hannunta.

"Ki buɗe yatsan mana, Sitti, shi ke ba ki wahala."

"Haka na koya wurin Baba, kekensa ne," ta ce tana ƙulla zaren. "Shi ai ba shi da wannan yatsan. Injin buga takarda ne ya cinye masa shi yana saurayi."