Takunkumin Pak Ali

Wasiƙar ƙarshe da Abdussalam ya aika Kano daga Kuala Lumpur, a 1994 ya rubuta ta. Daga nan ɗif. 'Yarsa Hadiyya, wadda ya bari a zanin goyo, ta girma ta zo karatu Pantai Dalam, wata unguwa a birnin, da wasiƙar a jaka, ta rantse ko kabarinsa ne sai ta gani.

Sati biyu da saukarta korona ta rufe gari. Bincike ya koma ta waya. Ta bi tsofaffin ɗaliban da suka yi karatu tare da shi ɗaya bayan ɗaya, kowa da ya ji sunan sai ya yi gyaran murya ya ce layi ba kyau. Hoto babu, tun tana ƙarama uwarta ta ƙone su. Gadon da ya bar mata ɗaya ne: bille biyu a kuncin hagu, tsagar gidansu, aikin wanzamin kakanni.

A kedai, wato shagon abinci na ƙasan benen da take zaune, inda take sayen tapau, abincin tafi-da-gidanka, ta haɗu da Hisham, ɗan mai shagon. Uwarsa 'yar ƙasar ce, ubansa Pak Ali baƙin mutum, wai daga Sudan. Tsohon ba ya magana sai da Malayanci, takunkumi kuwa har gindin ido. Da fari har ƙarin nama yake mata.

Ran da ta sauke takunkuminta ta kurɓi ruwa a gabansa, ludayi ya suɓuce masa. Bai sake fitowa gaban shago ba.

Da soyayya ta ƙullu tsakaninta da Hisham, ya kai wa ubansa maganar aure, tsohon ya ce ko bayan ransa.

"Dalili fa?" in ji Hadiyya.

Hisham ya ce, "Ya ƙi faɗa. Kuka kawai yake."

"Ya yi ta yi! Shi baƙi, ni baƙa, me zai nuna min?"

Suka tsayar da Juma'a ranar ɗaurin aure, da shi ko babu shi.

Ran Laraba da hantsi motar asibiti ta tsaya ƙofar shagon. Aka fito da Pak Ali, numfashi sama-sama. Hadiyya na tsaye nesa. Ya ɗago hannu yana nuna ta, ya ce da Hausa tsantsa, "Kada a ɗaura."

Ma'aikaciyar jinya ta zare masa takunkumi za ta sa na iska. A kuncinsa na hagu, bille biyu.