Madubin Kawu Sale

Ina 'yar shekara bakwai Kawu Sale, ƙanin Inna, ya kawo sabon babur gidanmu a Unguwar Ya. Ko ledar kujerar bai cire ba, ya tsuguna da sifana ya kwance maduban, ya miƙo mini ɗaya.

"Ungo, ki riƙa sa kwalli."

Inna ta ce, "Sale, da me za ka ga motar bayanka?"

Ya yi dariya. "Yaya, wa zai kamo ni? Abin da zai ɗauke ni yana gaba yana jirana."

Ya tayar da babur ya nufi Gwaram. Na juya baya ina kallonsa a madubin, yana ƙanƙancewa har ya ɓace. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Madubin yana akwatina har yau. Jiya ɗana ya fara yi mini maganar babur.