Soson Tukunya

Na iske 'yata a banɗaki tana dirzar hannunta da soson ƙarfe na wanke tukunya. Fatar ta ɗaye, jini yana tsattsafowa. Shekarunta shida.

"Ke! Me kike yi haka?"

"Irin na yarinyar cikin littafi, Mama. Da ta wanke baƙinta ta yi fari, sai kowa ya so ta."

Na shafa mata magani, na zauna na karanta littafin da ta zo da shi daga makaranta. Ɗan siriri ne, nan da nan na kai ƙarshensa.

Washegari na ɗauki littafin, na riƙo ta har ofishin malamarsu. Na riga na yi wa matar uzuri a raina: aiki ne ya yi mata yawa, ta raba wa yara ba ta buɗe ba.

"Malama, don Allah kin karanta wannan kuwa?"

"Haba 'yar'uwa! Hutun nan kaf a karatun littattafan yara na ƙare shi. Wannan da kaina na zaɓa, tsafta yake koyarwa."

Ta miƙo hannu za ta karɓa. Hannun fari fat kamar an fere shi, gaɓoɓin yatsun kaɗai suka rage baƙi. Warin man bilicin ya bugi hancina.

'Yata ta ja gefen rigata, idonta yana ƙyalli.

"Mama, kin gani? Ita ta kusa gamawa."